Isa Wurin Taro da Zirga-zirga a Birnin Paris: Misalin Cibiyar INALCO

1.0 Gabatarwa

Malami ko ɗalibin da aka karɓi takardarsa a wani taron ƙara wa juna sani a Turai yakan shafe watanni yana shiri. Ga rubuta takardar, ga neman biza, ga kuɗin jirgi da na masauki. Amma lokacin da ake ba shi ya tsaya gaban jama'a bai cika wuce minti 20 ko 30 ba, kuma an riga an buga sa'ar a cikin jadawalin taro. Idan aka kira sunansa ba ya nan, shugaban zama zai kira na gaba ne kawai, domin kowane minti yana da mai shi. Wato ke nan, ƴar gajeriyar tafiyar da ke tsakanin filin jirgin sama da ƙofar zauren taro tana iya rusa duk wahalar da aka sha a baya.

Wannan takarda za ta yi bayani ne a kan yadda baƙo zai kai kansa wurin taro, da yadda zai yi zirga-zirga a cikin birnin Paris na ƙasar Faransa. An ɗauki cibiyar INALCO a matsayin misali saboda ana koyar da Hausa a cikinta, tare da wasu harsuna fiye da 100, kuma tarurrukan masana harsunan Afirka sukan kai mutum can. An kafa ta a shekarar 1795, kuma mutanen Paris sun fi sanin ta da laƙabin Langues O'.

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Haka ne, amma a Paris yawancin amsoshin an riga an rubuta su a jikin alluna. A Yamai ko Maraɗi, mutum yakan faɗa wa mai tasi sunan unguwa da wani sanannen wuri, kamar masallaci ko gidan mai, sai a kai shi. A Paris kuwa abubuwa uku ne suke kai mutum: cikakken adireshi, da sunan tashar ƙarshe ta layin da zai shiga, da tikitin da ya dace da tafiyar.

2.0 Karanta Adireshi

Abu na farko da ya kamata mahalarcin taro ya tabbatar, tun kafin ya bar gida, shi ne ainihin ginin da za a yi taron. Sunan cibiya kaɗai bai isa ba, domin INALCO tana da mazauni biyu a cikin Paris. Babban mazauninta, inda ake darussa tun shekarar 2011, yana lamba 65, rue des Grands Moulins, 75013 Paris. A ginin ne kuma babban ɗakin karatu na harsuna da al'adu, wato BULAC, yake. Na biyun shi ne tsohon gidanta da ke lamba 2, rue de Lille, 75007 Paris, wanda aka mayar gidan bincike, kuma a can ma ana yin tarurruka. Wanda ya je ɗaya alhali taron yana ɗayan, zai yi asarar rabin sa'a ko fiye kafin ya gyara kuskurensa.

Kowane ɓangare na adireshin yana ɗauke da bayani. Lambar nan mai farawa da 75 tana nuna cewa wurin yana cikin birnin Paris kansa, ba a garuruwan da ke kewaye da shi ba. Lambobi biyu na ƙarshe kuwa suna nuna gunduma. Tun shekarar 1860 aka raba birnin gundumomi 20, waɗanda aka jera daga tsakiya zuwa waje kamar naɗin gammo. Saboda haka 75013 gunduma ta 13 ce, a kudu maso gabas, 75007 kuma gunduma ta 7 ce, kusa da tsakiya. Wannan jeri yana yaudarar baƙo, domin gundumomi masu nisa da juna a ƙirga suna iya zama maƙwabta. Gunduma ta 13, alal misali, tana da iyaka da ta 5.

Kogin Seine ya raba birnin gida biyu. Ana kiran ɓangaren arewa gaɓar dama, na kudu kuma gaɓar hagu. Ana gane dama da hagu ne idan mutum ya fuskanci inda ruwan yake gangarawa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san Yamai, inda tsakiyar gari take a gaɓar hagu ta Kogin Isa, Jami'ar Abdou Moumouni kuma take a gaɓar dama. Mazaunan INALCO guda biyu duk suna gaɓar hagu ne, kuma sanin haka yana da amfani a wajen biyan kuɗin tasi, kamar yadda za a gani a gaba.

Hatta lambobin gidaje da kogin aka tsara su, bisa wata doka ta shekarar 1805. A titin da ya miƙe daga bakin kogi, lambobi suna ƙaruwa ne yayin da ake nisa da ruwa. A titin da yake tafiya kafaɗa da kafaɗa da kogi kuwa, suna ƙaruwa ne ta inda ruwa yake gangarawa, wato galibi daga gabas zuwa yamma. Lambobi irin su 1, 3, 5 suna hannun hagu na mai bin ƙaruwar lamba, su 2, 4, 6 kuma suna hannun dama. Mai neman lamba 65 da ya ga 30 da 32 a gefensa, ya san cewa sai ya tsallaka titi.

3.0 Daga Filin Jirgin Sama Zuwa Gari

Tikitin jirgin sama yana ɗauke da haruffa uku masu nuna filin da za a sauka. CDG shi ne filin Charles de Gaulle, wanda ake kuma kira Roissy, kimanin kilomita 25 a arewa maso gabashin birnin. ORY shi ne filin Orly, a kudu, kuma ya fi kusa. Akwai na uku, BVA, wato Beauvais, wanda ake haɗa sunansa da Paris alhali yana da nisan fiye da kilomita 80. Wanda ya biyo ta Kazablanka, ko Istambul, ko Addis Ababa, ya duba waɗannan haruffa a tikitin zangonsa na ƙarshe, ya kuma duba na komawa, domin ba dole ne su zama ɗaya ba.

Kafin a fita, sai an bi layin ƴan sandan kan iyaka. Suna da ikon neman takardar gayyata, da shaidar masauki, da tikitin komawa, da takardar inshora. Don haka a riƙe su a jakar hannu, a buge a takarda, kada a dogara da waya wadda cajinta zai iya ƙarewa ko ta rasa intanet. Daga watan Oktoba na 2025 ƙasashen yankin Shengen suka fara ɗaukar hoto da zanen yatsun baƙi masu gajeren zama a wajen shiga, abin da yake iya ƙara tsawon jira.

3.1 Daga Charles de Gaulle

Jirgin ƙasa mai suna RER B shi ne yake haɗa wannan fili da tsakiyar gari. Yana da tashoshi biyu a filin. Ɗaya tana cikin Terminal 2. Ɗayar, mai suna Aéroport Charles de Gaulle 1, ba a cikin Terminal 1 take ba duk da sunanta, tana kusa da Terminal 3 ne. Wanda ya sauka a Terminal 1 sai ya fara shiga wani ƙaramin jirgi na kyauta mai suna CDGVAL ya kai shi tashar. Duk jirgin RER B da ya tashi daga filin yana ratsa tsakiyar Paris, saboda haka a wannan zangon babu fargabar ɓata. Cikin kimanin minti 35 ake isa Gare du Nord, tasha ta gaba kuma ita ce Châtelet-Les Halles.

Mai zuwa rue des Grands Moulins yana da hanya biyu. Ta farko, ya sauka a Châtelet-Les Halles, ya bi allunan layin metro na 14, ya shiga wanda ya nufi Aéroport d'Orly. Zai wuce Gare de Lyon, da Bercy, da Cour Saint-Émilion, ya sauka a tasha ta huɗu, wato Bibliothèque François Mitterrand. Ta biyu, ya zarce da RER B zuwa Saint-Michel-Notre-Dame, ya canza zuwa RER C mai nufar gabas, ya wuce Gare d'Austerlitz, ya sauka a tasha ta biyu. Hanya ta farko ta fi sauƙin ganewa, ko da yake Châtelet tana cikin manyan tashoshin ƙarƙashin ƙasa na duniya, kuma akwai ƴar tafiyar ƙafa a cikin lungunanta. Gaba ɗaya, a ware sa'a ɗaya da kwata daga tashar filin jirgi zuwa ƙofar cibiyar.

3.2 Daga Orly

Tun ranar 24 ga Yuni, 2024, layin metro na 14 yake kaiwa har cikin filin Orly. Wanda ya sauka a can ba ya bukatar canjin jirgi. Zai shiga mai nufar Saint-Denis Pleyel, ya sauka a tasha ta takwas, Bibliothèque François Mitterrand, nan da nan bayan Olympiades. Tafiyar ba ta kai rabin sa'a ba.

3.3 Tasi

Mai kaya da yawa, ko wanda ya sauka cikin dare, yana iya ɗaukar tasi. Tun shekarar 2016 hukuma ta ƙayyade kuɗin tasi tsakanin filayen biyu da birnin, ko da cunkoso ko babu. A shekarar 2025, daga Charles de Gaulle zuwa gaɓar dama Yuro 56 ne, zuwa gaɓar hagu kuma Yuro 65. Daga Orly zuwa gaɓar hagu Yuro 36 ne, zuwa ta dama Yuro 45. Da yake Yuro ɗaya yana daidai da sefa 655.957, Yuro 65 ya haura jaka 42 na sefa. Tasi na halal yana da fitila a bisa rufinsa, kuma yana jira ne a layin da alluna suka nuna a wajen ƙofa. Duk wanda ya tari baƙo a cikin zauren sauka yana tayin kai shi gari, ba a cikin wannan tsari yake ba, kuma babu farashin da ya ɗaure shi.

4.0 Yadda Ake Gane Hanya a Metro da RER

An buɗe layin metro na farko a Paris ranar 19 ga Yuli, 1900. Zuwa shekarar 2025 akwai layuka 16 da tashoshi fiye da 300. Kowane layi yana da lamba da launi. Jiragen RER kuwa haruffa gare su, daga A zuwa E. Sun fi metro girma da gudu, tashoshinsu a cikin gari kaɗan ne, kuma suna fita har garuruwan kewaye.

Babban abin da ɗalibi zai riƙe shi ne, allunan tasha ba su cewa gabas ko yamma, ba su kuma jera unguwanni. Kowane layi yana da bakin zare biyu, kuma da sunan tashar ƙarshe ake nuna inda jirgi ya dosa. Kalmar da ake amfani da ita ita ce direction. Mai tsaye a Châtelet da ke son zuwa INALCO ba zai ga sunan cibiyar a ko'ina ba. Abin da zai gani shi ne lamba 14 da sunaye biyu, Saint-Denis Pleyel da Aéroport d'Orly. Aikinsa shi ne ya duba taswira, ya sa yatsa a tashar da yake, ya bi layin ta kan tashar da yake nema har ƙarshensa, ya karanta sunan da ke can. Wannan sunan shi zai bi a kowace mararraba har ya isa dandamalin jira. Kamar mai zuwa Dogon Dutsi ne daga Yamai da ya shiga motar da aka rubuta wa Damagaram: ba can za shi ba, amma hanyarsa ke nan.

A nan akwai tarko ga wanda ya dogara da tsohon kwatance. Idan aka tsawaita layi, sunan tashar ƙarshe yakan canza. Daga 2007 zuwa 2024, Olympiades ce ƙarshen layi na 14 ta kudu. Ta arewa kuwa Saint-Lazare ce daga 2003 zuwa 2020, sannan Mairie de Saint-Ouen har 2024. Malamin da ya halarci taro a 2015 zai gaya wa ɗalibinsa, da zuciya ɗaya, ya bi direction Olympiades, alhali yanzu Olympiades tasha ce kawai a tsakiyar hanya.

Tarko na biyu shi ne layukan da suke rabuwa biyu kamar reshen itace. Layin metro na 7, bayan tashar Maison Blanche, wani jirgin yakan nufi Villejuif-Louis Aragon, wani kuma Mairie d'Ivry, kuma daga dandamali ɗaya ake shigarsu. Layi na 13 ma yana rabuwa ta arewa. A RER abin ya fi yawa, musamman RER C mai rassa barkatai, kuma ba kowane jirgi ne yake tsayawa a kowace tasha ta wajen gari ba. Maganin wannan shi ne allon lantarki da ke rataye a dandamali, wanda yake nuna inda jirgi mai zuwa ya nufa da tashoshin da zai tsaya. A karanta shi kafin a sa ƙafa.

Sauran kalmomin da ake bukata kaɗan ne. Sortie ita ce mafita zuwa titi. Correspondance ita ce hanyar canza layi ba tare da an fita waje ba. Wanda yake son canji ya kuskura ya bi sortie, ya fita ke nan, kuma komawa ciki sai da sabon tikiti. A layuka na 1 da 4 da 14 babu direba, ƙofofi kuma da kansu suke buɗewa. A wasu tsofaffin jirage kuwa sai fasinja ya danna maɓalli ko ya ɗaga wani ɗan ƙarfe, in ba haka ba ƙofar ba za ta buɗe ba, jirgin ya wuce da shi. A kan matakala mai tafiya da kanta, ana tsayawa ne a dama a bar hagu ga masu sauri. Idan mutum ya gane cewa ya shiga jirgin da ya ba wa wurin zuwansa baya, sai ya sauka a tasha ta gaba, ya bi allon ɗaya sunan.

5.0 Tikiti

An sauya tsarin tikitin yankin Paris ranar 1 ga Janairu, 2025. Farashin da za a ambata a nan na shekarar 2025 ne, kuma an saba yi masa ƙari a farkon shekara. Tikitin metro da RER da jiragen kewaye Yuro 2.50 ne, komai nisan tafiya a cikin yankin, kuma ana canza layi da shi har tsawon sa'a biyu muddin ba a fita ba. Tikitin bas da tiram, wato jirgin da ke bin kan titi, Yuro 2 ne. Tikitin metro ba ya shiga bas, na bas ma ba ya shiga metro. Zuwa filin jirgin sama ko dawowa daga can yana da tikitinsa na musamman, Yuro 13, kimanin sefa 8,500. Wanda ya shiga layi na 14 da tikitin Yuro 2.50 ya nufi Orly, ƙofar fita ba za ta buɗe masa ba.

Ƙananan tikitocin kwali da aka daɗe da sani an yi ta janye su. Yanzu ana zuba tikiti ne a cikin waya, ko a cikin wani kati mai suna Navigo Easy, wanda ake saya Yuro 2 a tasha. Kowane matafiyi da katinsa, mutum biyu ba su wucewa da kati ɗaya a tafiya ɗaya. Ana ɗora katin a kan na'urar ƙofa a kowace shiga, har a cikin bas, a RER kuma har a wajen fita. Masu duba tikiti sukan tsaya a lungunan tasha, kuma rashin sani ba ya hana tara.

Akwai kuma tikitin mako, Navigo Semaine, wanda a 2025 yake Yuro 31.60, ya kuma haɗa da filayen jirgin sama. Ana zuba shi a katin Navigo Découverte na Yuro 5, wanda ake manna wa ƙaramin hoto. Sai dai makonsa daga Litinin yake farawa ya ƙare Lahadi, ba kwana bakwai daga ranar saye ba, kuma bayan Alhamis ba a sayar da na makon da ake ciki. Ga misalin lissafi. Mai taron kwana uku da ya sauka Talata zai koma Asabar, idan ya sayi tikitin filin jirgi biyu, da na metro shida, da kati, ya kashe Yuro 43. Da tikitin mako kuwa Yuro 36.60 zai kashe, ya kuma yi yawo iyakar son ransa. Amma wanda ya sauka ranar Lahadi, sai ya biya tafiyar ranar daban.

6.0 Daga Tasha Zuwa Zauren Taro

Sau da yawa a mita 500 na ƙarshe ake ɓata. Tashar Bibliothèque François Mitterrand tana da mafita da dama, kuma unguwar hawa biyu ce: avenue de France tana sama, a kan rufin da aka yi wa hanyar jirgin ƙasa, rue du Chevaleret kuma tana ƙasa. A kowace tasha akwai taswirar unguwa a bango kusa da mafita, mai nuna lambar kowace ƙofa da titin da take fitarwa. Minti ɗaya a gabanta ya fi minti goma na kai-kawo a waje. Haka kuma, dogayen benaye huɗu masu kama da buɗaɗɗun littattafai da ake hange a bakin kogi, na babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa ne, wanda tashar ta ci sunansa. INALCO ba a can take ba. Daga tashar zuwa lamba 65 tafiyar kimanin minti biyar ce, ana ba wa kogi baya. Bas mai lamba 62 da mai lamba 89 suna biyowa ta unguwar, haka ma tiram T3a yana tsayawa a Avenue de France.

Idan kuwa taron a rue de Lille yake, RER C ne yake haɗa wuraren biyu kai tsaye. Daga Bibliothèque François Mitterrand a shiga mai nufar yamma, a wuce Gare d'Austerlitz da Saint-Michel-Notre-Dame, a sauka a Musée d'Orsay. Gidan tarihin yana daidai lamba 62 ta rue de Lille. Tun da titin yana bin kogi ne, lamba 2 tana gabas, sai a bi raguwar lambobi na kimanin minti goma.

A cikin gini ma akwai abin lura. Hawan ƙasa shi ne rez-de-chaussée, wanda ake nunawa da 0 a cikin na'urar hawa bene, kuma daga na samansa ake fara ƙirga hawa na ɗaya. Idan za a yi tambaya, a fara da gaisuwa, domin mutanen Faransa suna ɗaukar tambaya ba tare da bonjour ba a matsayin rashin ladabi, kamar dai yadda Bahaushe yake ɗaukar shiga ba sallama.

Sai batun agogo. A lokacin sanyi, agogon Faransa daidai yake da na Nijar da Nijeriya da Kamaru da Cadi. Amma daga Lahadin ƙarshe ta watan Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, Faransa tana gaba da sa'a ɗaya. Yawancin tarurruka kuwa a cikin waɗannan watanni ake yin su. Wanda bai gyara agogon hannunsa ba, zai iso ƙarfe tara a ganinsa, ya tarar goma ta yi. Abin da ya fi shi ne a sauka kwana ɗaya kafin taro, a je a ga ƙofar ginin da ido tun da yamma, a kuma auna tsawon tafiyar daga masauki. Da safe, tsakanin ƙarfe takwas da tara da rabi, jirage sukan cika maƙil, don haka a ƙara minti 20 a kan abin da aka auna. Zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri.

7.0 Zagaya Gari da Komawa

Ƙa'idar tashar ƙarshe ita ce dai take kai mutum ko'ina bayan an tashi daga taro. Babban Masallacin Paris, wanda aka buɗe a 1926, yana gunduma ta 5, kusa da tashar Place Monge ta layi na 7. Mai marmarin kuɓewa da busasshen kifi da manja yana iya shiga layi na 4 mai nufar Porte de Clignancourt ya sauka a Château Rouge, a gunduma ta 18, inda kasuwar kayan Afirka take. A tsakiyar gari tashoshi suna kusa da juna ƙwarai, ta yadda sau da yawa tafiyar ƙafa ta fi canjin layi sauri. A cikin cunkoso kuwa a kula da aljihu, fasfo kuma kada ya zauna a aljihun baya.

Metro yana fara aiki wajen ƙarfe biyar da rabi na asuba, ya tsaya wajen ɗaya da kwata na dare, ranakun Juma'a da Asabar kuma ana ƙara sa'a ɗaya. Bayan haka sai bas-bas na dare masu suna Noctilien. Gyaran hanya yakan sa a rufe wani sashe na RER da dare, ko a ƙarshen mako, ko a watannin Yuli da Agusta, yajin aiki kuma yakan rage yawan jirage. Ana sanar da waɗannan tun da wuri a allunan tasha da manhajar Île-de-France Mobilités, don haka a duba tun daren jajibiri.

Ranar komawa ce RER B yake nuna wuyarsa. A zuwa, duk jiragen tsakiyar gari suke nufa. A komawa kuwa layin yana rabuwa bayan Aulnay-sous-Bois: reshe ɗaya ya tafi filin Charles de Gaulle, ɗayan ya tafi Mitry-Claye. Mai kaya da ya faɗa jirgin Mitry-Claye sai ya dawo baya ya sake jira, jirgin sama kuwa ba ya jiran kowa. A tabbatar an ga sunan filin jirgin a allo, a kuma san lambar Terminal tun daga masauki, domin ita ce take nuna a wace tasha za a sauka daga cikin biyun.

8.0 Kammalawa

An ga yadda adireshi yake nuna gunduma da gaɓar kogi da gefen titi, da yadda sunan tashar ƙarshe yake nuna inda jirgi ya dosa, da yadda kowace tafiya take da tikitinta. Farashi yana canzawa, layuka ma ana tsawaita su, shi ya sa aka haɗa kowane adadi da shekararsa. Tsarin kansa kuwa ya daɗe, kuma irinsa ne ake samu a Berlin da Biyana da Burasel, ko da yake tikitinsu da sunayensu daban ne. Ɗalibin da aka gayyata taro zai kyauta wa kansa idan, kafin ya tashi, ya rubuta abubuwa biyar a ƴar takarda ya sa a aljihun gaba: cikakken adireshin ginin, lambar layi, sunan tashar ƙarshe, sunan tashar sauka, da lambar ɗakin da zai gabatar da takardarsa.